Rahoton da Ya Ce Babu Rami

Ranar Talata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, Perran Uren ya sauko daga bene zai ɗora ruwan shayi. Matarsa Loveday tana sama tana neman takalminta na aiki. Ta ji ya buɗe famfo. Ta ji wata ƙara kamar an juye tifar tsakuwa a bayan gida. Ta kira sunansa sau uku. Ba wanda ya amsa.

Lokacin da Sajan Maureen Hocking ta iso gida mai lamba tara a Layin Chapel, cikin garin Redruth, 'yan kwana-kwana sun riga sun tare layin. Ta tsaya a ƙofar falo ta leƙa. Kicin babu shi. Bango uku suna tsaye, kalanda na rataye a jikin ɗaya, amma inda daɓe yake sai wani baƙin rami mai faɗin ƙafa goma sha biyu. Iska mai sanyi da warin tsatsa na tasowa daga ciki. Ta san warin. Shekara ashirin da shida mahaifinta yana shigowa gida da shi a jikin riga, kafin a rufe mahaƙar kuza.

Shugaban 'yan kwana-kwana ya matso kusa da ita. Ya ce, "Tsohuwar rijiyar haƙa ce. An rufe bakinta da katako tun zamanin kakanni, katakon ya ruɓe. Mun zura fitila, ƙafa ɗari biyu da arba'in sai ruwa."

"Za ku iya fito da shi?"

"Gefen yana ta zubewa. Ba zan tura ɗan kowa ciki ba, Maureen."

Loveday tana gidan maƙwabciya, takalmi a ƙafa ɗaya. Ta taga aka sauko da ita, kuma abu guda ta ɗauko: wata jakar takardu. Ba ta kuka. Ta zaro takarda mai shafi shida ta ajiye a gwiwar Sajan.

Ta ce, "Mun biya an bincika. Lauyarmu ta ce ba mai sayen gida a garin nan sai an duba masa ƙasa. Akwai masu yi da araha, Perran ya ce a'a, mu nemi masu tambarin ƙungiyar masu binciken ƙasa, su ne ba sa wasa. Shekara tara yana tuƙa bas kafin mu tara abin da muka sa a gidan nan. Karanta, Sajan. Karanta da ƙarfi in ji."

Sajan Hocking ta karanta. Rahoton Kamfanin Eddy ne, mai kwanan wata sha ɗaya ga Fabrairun bara. Ya ce babu alamar wani ramin haƙa cikin ƙafa sittin daga gidan. A ƙasa akwai sunan wadda ta yi binciken, Beryl Opie, sai wani koren tambari mai zagaye da hoton mabuɗi a tsakiya.

"Ƙafa sittin," in ji Loveday. "A kansa muke cin abinci."

Daga nan Sajan ta wuce ofishin adana takardun tarihi, ta sa aka fito mata da taswirar mahaƙar Wheal Annis, wadda ta daina aiki shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Ta ɗora taswirar garin ta yau a kai. Ba ta yi minti goma ba. Ga rijiyar nan an zana ta da jan tawada, har da zurfinta a gefe, daidai bayan gida mai lamba tara. Duk wanda ya buɗe taswirar sai ya gani. To, ko dai ba a buɗe ba, ko an gani an yi ƙarya.

Ta fara da wanda ya sayar da gidan. Wilfred Kitto ɗan shekara tamanin da shida ne, yana gidan kula da tsofaffi, idonsa ya kusa tafiya.

"Wace ce? 'Yar Jack Hocking? Ubanki bai taɓa sayen nasa taba ba, sai dai ya sha tawa."

"Har ya mutu bai canza ba, Baba Kitto. Ka san akwai rami a ƙarƙashin kicin ɗinka?"

"Wane rami?"

Ta gaya masa. 

"Shekara hamsin da ɗaya na yi a gidan," ya ce. "A wannan daɓen jikokina suka koyi rarrafe. Ke a ganinki da na sani zan bar su?"

"Ka ga rahoton binciken?"

"Me zan gani da waɗannan idanun? Ai na mai saye ne. Ni dai dillali, Royston Vane, ya zo ya ce an samu masu so, yara ne masu kirki, na dangwala hannu inda ya nuna." Ya juya fuska wajen bango. "Da ni ya ɗauka. Ni ne na gama."

Ta cire sunansa daga cikin waɗanda take zargi. Lauyar su Loveday ma ba ta ɗauke ta lokaci ba. Rahoton ya shigo kwamfutarta ranar sha uku ga Fabrairu, kai tsaye daga adireshin Kamfanin Eddy, kuma daidai yake da na hannun Loveday, harafi da harafi. Bai bi ta hannun dillali ba. Duk abin da aka yi wa takardar, a cikin kamfanin aka yi shi.

Ofishin Graham Eddy yana saman wani shagon burodi. Mutum ne mai furfura da sanyin murya, shi ke kaɗa molo a coci ranar Lahadi, kuma rabin garin sun taɓa zuwa wurinsa neman shawara. A bayan kujerarsa an rataye ƙa'idojin Ƙungiyar Masu Binciken Ƙasa ta Yamma, guda goma sha biyu, cikin gilashi.

Ya ga tana kallonsu. Ya ce, "Ni na rubuta su. Ba dokar da ta tilasta mana. Mu muka ɗora wa kanmu, don mutane su san wa za su amince da shi. Yau ga inda muke."

"Yaya ake yin rahoto a nan?"

"Beryl ta je ta duba taswira, ta dawo ta buga a kwamfutar ofis. Ta turo mini, in aika."

"Kana sake dubawa?"

"Aikin Beryl? Shekara talatin da ɗaya tana nan. Ita ta koya mini karanta taswira." Ya cire tabarau ya murje ido. "Ban so in faɗa ba, Sajan. Tun da mijinta ya rasu ta fara mantuwa. Na ga alama, na kau da kai. Laifina ke nan."

"Ina littafin aikinta na watan Fabrairu?"

"Mun nema tun safe. Babu."

"Kwamfutar da ta buga a kai?"

"An canza su duka a damina. Tsofaffin an nika."

Beryl Opie tana zaune a falonta da rigar ruwa a jiki, kamar mai jiran a zo a tafi da ita. Shekarunta sittin da uku. Akwai burodin nama a faranti, ya huce, ba a taɓa ba.

"Maureen, 'yata, kin zo kama ni?"

"Na zo tambaya, Inna Beryl. Kin ga ramin nan a taswira?"

"Na gan shi. Jan tawada, bayan gida. Na rubuta cewa kada a saya sai an tona an gani." Ta damƙe hannun kujera. "Haka nake tunawa. Amma Graham ya zo ɗazu ya nuna mini takardar, ga sunana a ƙasa. Ya ce, Beryl, kowa yana kuskure. To, ko wani gidan nake tunawa? Jiya na sa madara a cikin kabad. Idan ni na kashe yaron nan, ki gaya mini kawai. Kada ki lallaɓa ni."

"Ban sani ba tukuna."

"Na san uwarsa. Tare muka yi makaranta."

Littafin baƙi na ofishin tarihi ya nuna Beryl ta karɓi taswirar Wheal Annis ranar tara ga Fabrairu, har ta sa an ɗaukar mata hoton kusurwar da ramin yake. Wannan ya nuna ta gani. Bai nuna abin da ta buga ba. Sufeton da ke saman Sajan Hocking ya saurare ta ta waya, ya ce, "Ta gani, ta manta, ta sa hannu. Sakaci ne da ya kai ga kisa. Ki haɗa takardu zuwa Litinin, 'yan jarida sun cika mana ƙofa."

Ranar Alhamis ta tuƙa mota zuwa Truro, don ta ga mai duba aikin kamfanoni na ƙungiyar. Ba ta sa ran komai ba. Colin Ashby tsohon ma'aikacin safiyo ne da ya yi ritaya, kwana biyu a mako yake aikin. Sun haɗu a wani shagon shayi, don ƙungiyar ba ta da ofis.

"Ka taɓa duba Kamfanin Eddy?"

"Kowace shekara. Ba su taɓa faɗuwa ba."

"Kana zuwa ba zato?"

Ya yi dariya. "Ba zato? Wasiƙa nake aikawa mako shida kafin in je. Su zaɓo fayil goma, in duba, a ba ni shayi da biskit mai kyau. Kamfani ashirin da uku ne, ni kaɗai."

"Su ne suke zaɓa?"

"Haka ƙa'ida ta ce. Wanda aka matsa wa, sai ya fita daga ƙungiyar ya ci gaba da aikinsa. Ba mai hana shi."

"In ka kama wani da ƙarya fa?"

"Sai a cire sunansa daga jeri."

"Shi ke nan?"

"Shi ne mafi girman hukuncinmu, Sajan. A shekara takwas ba mu taɓa kaiwa can ba."

Ta tura masa rahoton a kan tebur. Ya sa tabarau, ya bi shafukan, ya tsaya a na ƙarshe.

"Kwanan watan nan kuskure ne," ya ce.

"Me ya sa?"

"Tambarin. Wannan koren sabo ne. Na da shuɗi ne mai kusurwa huɗu. Ranar ɗaya ga Maris aka raba wa kamfanoni sabon, ni na aika da hannuna. Ba yadda za a yi ya hau takardar Fabrairu."

"Lauya ta karɓe ta sha uku ga Fabrairu. Na gani da idona."

Ashby ya ajiye kofinsa.

"Kafin Maris, wa yake da shi?" ta tambaya.

"'Yan kwamiti. Su uku suka amince da shi a zamansu na bakwai ga Fabrairu. Biyu suna Devon, da kamfanoninsu." Ya daɗe yana kallon takardar. "Na ukun shi ne shugaba, Graham Eddy."

Yinin Juma'a kaf ta yi shi a ofisoshin lauyoyi biyar. Ta tara rahotanni goma sha tara da Kamfanin Eddy ya fitar a wannan Fabrairun. Da yamma, kafin a tashi aiki, ta hau benen shagon burodin, ta rufe ƙofa, ta jera su a kan teburin Graham Eddy.

"Duba ƙasan kowanne, Mista Eddy. Me ka gani?"

"Tambarinmu."

"Wane launi?"

Ita ta amsa da kanta.

"Sha takwas shuɗi. Ɗaya kore, na gida mai lamba tara. Kwamfutocin ofis ɗinka suna da fom guda, tambari a jikinsa. Har ƙarshen Fabrairu shuɗi ne, don ba a aiko musu da sabon ba. Duk abin da Beryl ta buga a watan nan da shuɗi ya fito. Wannan ba a kwamfutarta aka buga shi ba. An buga shi a kwamfutar da ta riga ta samu koren, kuma a garin nan guda ɗaya ce. Ka dawo daga zaman kwamiti ranar bakwai, ka ƙosa ka ga sabon tambarinka a kan takarda, ka sa shi a fom ɗin kwamfutarka ta hannu. Bayan kwana huɗu rahoton Beryl ya iso, ya ce kada a saya. Ka sake buga shafukan, ka cire ramin, ka bar sunanta. Ka tuna da littafin aikinta. Ka tuna da tsofaffin kwamfutoci. Launin ne ka manta."

Daga ƙasa ana jin mai burodi yana jan ƙofar ƙarfe.

"Ga takardar kotu ta karɓar kwamfutar," ta ce. "Ko ka gaya mini da bakinka, ko masu bincikenmu su gaya mini ranar Laraba."

Eddy ya ɗora tafin hannu biyu a kan tebur.

"Royston Vane," ya ce. "Gida shida cikin goma da ake sayarwa a yankin nan ta hannunsa suke bi, kuma shi ke gaya wa masu saye wane kamfani za su je. Wata rana ya tare ni a filin wasan rugby. Ya ce, Graham, rahotanninka suna kashe mini ciniki. Akwai yara a Plymouth da ba sa ganin ramuka da yawa haka. Ya dafa kafaɗata ya tafi. Mutum tara nake ciyarwa a ofishin nan."

"Ya ce ka canza rahoto?"

"Royston? Bai taɓa cewa komai ba. Bai taɓa rubuta komai ba."

"Ka san zurfin ramin."

"Katakon nan ya yi shekara ɗari da hamsin bai motsa ba. Na ce zai ƙara wasu ɗari. Garin nan gaba ɗaya a kan ramuka yake zaune, Maureen, kin fi ni sani. Idan kowa ya faɗi gaskiya, ba gidan da zai sayu."

"Ka je gidan Beryl ka ce mata kowa yana kuskure."

A nan ne muryarsa ta karye. "Na ɗauka za su tausaya mata saboda shekarunta."

Sajan Hocking ta tattara takardun. Sai ta tsaya.

"Wannan ranar filin wasan, yaushe ne?"

"Shekara shida ke nan."

"Guda nawa, Mista Eddy?"

Ya buɗe aljihun tebur na ƙasa, ya zaro littattafan aikin Beryl, ɗaure da roba. Bai ƙona su ba. A saman kowanne ya maƙala 'yar takarda da adireshi.

"Gida arba'in da ɗaya," ya ce.

An gurfanar da Graham Eddy a kan zamba da kisa ta hanyar sakaci, ya amsa laifinsa. Royston Vane ya zo ofishin 'yan sanda da lauyansa, ya ce ya kaɗu ƙwarai, ya fita bayan minti ashirin. Allunansa na tallar sayarwa suna nan a ƙofofin gidaje. Ƙungiya ta zauna ta cire sunan Kamfanin Eddy daga jeri, ta fitar da sanarwa cewa wannan ya nuna ƙa'idojinta suna aiki. Kamfanin inshorar Eddy ya rubuto wa Loveday cewa ba zai biya ba, don yarjejeniyarsu ta biyan asarar kuskure ce, ba ta zambar ganganci ba. Mutum tara sun rasa aiki. Beryl, da aka gaya mata ba ita ba ce, ba ta yi murna ba. Ta ce, "To, shekara shida ina rubuta gaskiya ana zubarwa a kwando, ban taɓa tambaya ba."

Ba a fito da Perran ba. Injiniyoyi sun ce in ba a toshe bakin ramin ba, gida mai lamba bakwai da mai lamba sha ɗaya za su bi. Mako uku bayan faɗuwarsa aka zuba kankare. Limamin coci ya yi addu'a a bakin titi, ƙarar injin na danne muryarsa.

Sauran gidaje arba'in ɗin, ba wanda ya so ya je. Sufeto ya ce a aika wasiƙa. Sajan Hocking ta ce ita za ta je da ƙafarta. Ta ɗauki littattafan Beryl ta fara bi ƙofa ƙofa. Wasu sun zage ta. Wata mata ta amayar a bakin ƙofa. Da yawa sun yi tambaya guda, ko za su iya sayarwa, kuma amsar ɗaya ce: a'a.

Gida na goma sha bakwai yana bayan tashar jirgin ƙasa. Mai shi, Jory Tangye, makanike ne, matarsa ta tafi ta bar masa 'yan mata biyu. Ya saurare ta a tsaye, yana goge hannu da tsumma.

"Gara ku tashi yau," ta ce. "Akwai ɗakin kwana na wucin gadi, mako biyu."

"Bayan mako biyun fa?"

Ya jefa tsumman a kafaɗa, ya ci gaba.

"Uwata tana ɗaki ɗaya a Camborne. Ba ni da kowa sai ita." Ya miƙa hannu. "Nuna mini a takardar. Ta ina yake?"

Ta buɗe littafin. Beryl ta zana gidan da fensir, ta sa alama a kusurwar baya ta hagu. Jory ya juya zanen ya daidaita shi da ƙofa, ya bi da yatsa. Ya tsaya. Ya ɗaga kai ya kalli wata ƙofa a ƙarshen baranda, ta ɗakin yaran, an manna mata hotunan dawakai da taurari na takarda.

"Ƙarfe uku da rabi suke tasowa daga makaranta," ya ce. "Kada su ga ina yi. Falo yana ta gaba, ko? Falo ba komai?"

"Takardar ba ta ce komai a kan falo ba."

"To."

Ya tuɓe takalmansa masu nauyi, ya shiga ɗakin da safa, yana taka daɓen a hankali ta gefen bango. Ya jawo katifa ta farko zuwa bakin ƙofa. Ta maƙale.

"Sajan, don Allah kama mini ta can."

Ta ajiye littafin a ƙasa, ta cire rigarta ta sama, ta kama ɗaya gefen.